Wata 8 da ƙaramar mesa a ɗakina a Agege

Tun ina yaro a Zariya nake bin gardawa a kasuwa ina kallon macizansu, sai da na zo Legas na samu ɗaki nawa ni kaɗai sannan na fara kiwo da kaina. Mutane da yawa na tambayata a WhatsApp wanne ya fi sauƙin riƙo ga wanda zai fara, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani, musamman kan ƙaramar mesar nan da masu sayarwa ke cewa bol faiton, yau wata 8 kenan tana hannuna.

Kafin ita na riƙe kadangaren Ostireliya mai gemu, kuma wallahi dabba ce mai daɗin sha'ani, yana zama a kafaɗa, yana cin ganye da gyare, amma fa sai da fitilar UVB, wato mai ba da haske irin na rana, da ta ɗumi wajen awa 10 zuwa 12 kullum, in bai samu ba ƙashinsa ne ke yin laushi, to mu kuma a layinmu sai a kwana biyu ba a kawo wuta ba, man janareta kuwa kowa ya san yadda yake. Wata huɗu na yi da shi na ga ina cutar bawan Allah, na ba wani abokina da ke da sola a gida. Tsaka mai ɗigon damisa ita ma kowa na yabon sauƙinta, amma mu dai kun san matsayin tsaka a wajenmu, Hajiyata da ta ji a waya ta ce kar in kuskura, ni kuma ban ja da ita ba.

Mesar a Instagram na ganta wajen wani mai sayarwa a ɓangaren Ajah. Ya amsa saƙo da wuri, ya turo bidiyonta tana motsi, washegari mai mashin ya kawo ta cikin jakar yadi a cikin kwali mai huji, a nan kam ba ni da ƙorafi. Inda raina ya ɓaci shi ne ya ce min a hannu aka ƙyanƙyashe ta, amma da na duba sai ga kaska guda biyu maƙale a tsakanin ɓawon jikinta, wanda yawanci alama ce ta cewa daga daji aka kamo ta. Na yi masa magana ya ce shi ma haka aka kawo masa. Na cire su da hantsaki a hankali, na kai ta wajen likitan dabbobi ya duba ta saboda tsutsar ciki. Don Allah duk wanda zai saya ya ce a nuna masa bidiyon macijin yana cin abinci, ya tambayi yaushe ya ci na ƙarshe da abin da ya ci.

Abin da ya sa ta dace da Legas kuwa shi ne ƴar gida ce. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da su zuwa Turai da Amurka, can su sai sun sayi na'urar ɗumi da ta raɓa kafin su haɗa mata yanayin da mu muke kwana a ciki kyauta. Tana son ɓangare ɗaya na akwatin ya kai digiri 31 ko 32, ɗayan kuma ya ɗan fi sanyi, da danshi a iska, kuma ba ta dogara da fitila yadda mai gemu yake ba, don haka ko an ɗauke wuta hankalina a kwance yake. Akwatin roba babba na sa mata, na huda gefe, na shimfiɗa ɓawon kwakwa, maɓoya biyu da kwanon ruwa mai nauyi, da ma'aunin zafi. Murfin kawai zan ja kunne a kai, ya zama mai maƙalli, suna da ƙarfin turawa fiye da yadda kake zato.

Ba ta da dafi, tsawonta ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi, in ta tsorata dunƙulewa take kamar ƙwallo ta cusa kai a tsakiya. Ban taɓa ganin ta kai min sara ba. Ɓera ɗaya duk kwana 10 nake ba ta, na kiwo da nake ajiyewa a firiza in narkar da shi a ruwan ɗumi, banda ɓeran gida ko na kwata saboda maganin ɓera da ake zubawa, kuma in ta ci ba na taɓa ta sai bayan kwana biyu.

Wahalarta ɗaya ita ce ƙin cin abinci. Da farko sati biyar ta yi ba ta ko kalli ɓera ba, na shiga damuwa sosai har barci ya gagare ni, sai da na daina ɗaukarta, na rufe gefen akwatin da zani, na miƙa mata da daddare sannan ta karɓa. Da hunturu kuma da iska ta bushe saɓarta ta fita guntu-guntu, sai na riƙa jiƙa ɓawon kwakwar, ta gaba ta fita gaba ɗaya kamar safa.

Mai yara a gida ya kula da wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta, don macizai kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa. Sannan a sani tana kaiwa shekara 20 zuwa 30, ni sai da na zauna da mai gidan da nake haya na gaya masa gaskiya kafin in kawo ta, ya zo ya ga akwatin da maƙallinsa ya amince. Mesar zan sake sayen irinta, amma wajen wancan mai sayarwar ba zan koma ba sai ya iya nuna min iyayen abin da yake sayarwa.