Haɗa littattafan gasar yara a shagunan Accra New Town: aikinsu da inda ake tuntuɓe

Makarantar da ke Nima ko Mamobi, in ta shirya wa ɗalibanta gasar rubuta littafi da zana shi, ba ta da nisa da masu haɗa mata. Accra New Town, wadda dattawa ke kira Lagos Town har yau, cike take da maɗaba'u da ƙananan shagunan fotokwafi. Hannunsu na da sauri, yankansu na fita tsaf, kuma ba sa raina aiki kaɗan. Sai dai abin da ka miƙa musu shi za su yi maka, ba za su tsaya gyara kuskuren malami ba.

Ɗauri iri uku za su nuna maka: ɗinkin tsakiya da sitefila mai dogon hannu, zoben roba, da kuma gam. Na farkon ne ya dace da littafin yaro. Zoben roba na sa aikin ya yi kama da rahoton ofis, ramukansa kuma na cin gefen zane. Gam kuwa sai littafi mai kauri. A kan fallaye huɗu ba ya samun abin kamawa, da an buɗe shi sau kaɗan sai shafuka su fara zubewa.

A ɗinkin tsakiya lissafi ne komai. Fallen A4 ɗaya in an ninka shi biyu yana ba da shafi huɗu na A5, don haka dole yawan shafukan ya rabu da huɗu: 8, 12 ko 16. Littafi mai shafi 16 falle huɗu ke nan, ban da bango. Aji mai yara 40 zai ci falle 160, rim ɗaya mai falle 500 ya ishe su har da na gwaji. Inda aka fi faɗuwa shi ne jeri. A fallen waje shafi na 16 ne ke zama kusa da na 1, a bayansa na 2 kusa da na 15. In yara sun yi zane a warwatse aka kai haka, mai shago zai buga yadda ya tarar, labarin ya fito a hargitse. Maganinsa a ninka fallayen tun a aji, a sa lamba da fensir a kowane shafi kafin yaro ya rubuta ko harafi ɗaya. A ja musu layi kuma, santimita ɗaya da rabi daga kowane gefe, saboda injin yanka yakan aske bakin littafin don ya daidaita, kuma yara na son rubutu har bakin takarda.

Takarda mai giram 80 ta isa fensir da biro, amma tawadar alƙalamin maka na huda ta ta ɓata bayan shafi. Mai son alƙalamin maka ya nemi giram 120. Bango kwali mai giram 200 zuwa 250.

Abin da ya fi ciwo shi ne liƙe leda. Masu shago na yawan ba da shawarar a rufe bango da leda don ya yi ƙyalli, kuma injinsu da zafi yake aiki. Kireyon, wato fensirin kala, kakin zuma gare shi ko makamancinsa, yana shiga zafi sai ya narke, zanen da yarinya ta yi mako tana yi ya koma dabbare-dabbare, ba kuma yadda za a ciro shi. A ce su ɗauki hoton bangon da sikana, a buga kwafi, a liƙe kwafin. Na asali ya tsaya yadda yake.

Ga mu masu Hausa akwai ƙarin lura biyu. Ma'aikatan sun saba da haruffan harsunan Twi da Ga, amma ƙ, ɗ da ɓ sukan ɓace ko su koma akwati in an buɗe rubutun a manhajar zane ta CorelDRAW da salon harafin da ba shi da su. A kai musu PDF, a kuma karanta kwafin gwaji a nan shagon kafin a ce su ci gaba. Na biyu, littafin da ɗaliban Islamiyya suka rubuta da ajami ko Larabci daga dama yake buɗewa. In ba ka faɗa ba ta hagu za su ɗaure, bango ya koma baya.

Ranar kai aiki ma a duba. Alhamis da Juma'a injinansu na kan takardun jana'izar Asabar, ƙarshen zango kuma takardun jarrabawa ne, littattafan yara sai su kwana a ƙarƙashin tebur. Litinin ko Talata da safe ya fi. In ana son raba kyauta ranar 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya, a kai mako biyu kafin nan. A ƙirga littattafan a gaban mai shago, kowane aji a ambulan ɗinsa da sunayen yara a jiki, a sake ƙirgawa ranar karɓa. A ajiye su inda ba laima, domin iskar tekun Accra na saurin sa fil ɗin sitefila tsatsa ya ɓata tsakiyar littafi.