Mai shagon da ya hana ni sayen kayansa

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Wani abu ya faru da ni a nan Turai wanda har yanzu yake min yawo a rai. Gidan da nake haya, Wi-Fi ba ya kaiwa ɗakin kwana. In na kira Inna ta bidiyo sai fuskarta ta daskare, ita kuwa tana ta "ɗan nan, kana ji na?" Wanda ya yi nisa da mahaifiyarsa ya san zafin wannan.

Na je shagon kayan lantarki don in sayi na'urar nan mai ƙara wa Wi-Fi zango, wadda ake cusawa a soket. Saurayin da na tarar bai miƙo min ita ba. Takarda ya ba ni ya ce in zana masa gidan: ina rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gida, take, bango nawa ne a tsakani, na kankare ne ko na katako? Da ya ji tana ƙasa bayan talabijin, sai ya ce in je in ɗaga ta sama, in kawo ta tsakiyar gida nesa da madubi da ƙarafa, in abin bai gyaru ba in dawo. Mutum da kayansa na sayarwa fa!

An samu sauƙi amma bai wadatar ba, na koma. Nan ya zaunar da ni. Ya ce na'urar ba ta ƙirƙirar sabis, abin da ta samu daga rauta shi take maimaitawa, don haka kada a sa ta a ɗakin da sabis ya mutu, a tsaka-tsaki ake sa ta, inda yake da ƙarfi. A cikin layukan da Wi-Fi ke bi, na 2.4 GHz ya fi ratsa bango, na 5 GHz ya fi gudu amma ba ya nisa. Na'ura mai layi ɗaya tana iya cinye rabin gudun, tunda a hanya ɗaya take karɓa take turawa. Haɗawar kuwa ba wuya, a danna maɓallin WPS a jikin rauta, a danna nata, shi ke nan. Har ya tuna min cewa a Tarayyar Turai abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 na mayarwa.

Wallahi raina ya sosu da na tuno namu. "Alhaji ɗauki, har maƙwabta za ta kai," a rasit kuma an rubuta kaya in sun fita ba sa dawowa. Mu ma masu saye muna da namu: a kulle rauta cikin durowa, kalmar sirri yadda ta zo daga kamfani, sannan a wuni ana zagin masu intanet.

Sai dai a gida da tuni wani ƙani ya shigo ya haɗa min muna hira. A nan ni kaɗai na durƙusa a baranda ina gwada soket bayan soket, babu ko mai cewa sannu.