Gilashin ƙara girma mai ninki 10 da tsutsar cikin reshen yazawa

Bara na tarar da rassan yazawa huɗu a ƙasa a gonata da ke wajen Lafiya, kowanne an zagaye shi da yanka kamar an sa zarto. Na ɗauka masu neman itacen girki ne, na tara su a gefe. Bayan watanni na zo faskarawa, sai ga tsutsotsi farare ƙosassu, ramukansu cushe da gari kamar dusar katako.

Maƙwabcina ya ce gwazarma ce. Raina bai kwanta ba, shi ya sa na sayi ɗan gilashin nan irin na masu duba zinari, mai naɗewa, da 'yar fitila a jikinsa. Kuɗinsa bai kai na kwalbar maganin feshi ba.

Ranar farko dishi-dishi kawai nake gani. Ashe sai ka kai shi dab da ido, sannan ka matso da abin har tazarar ta zama kamar yatsa biyu. Nan fa komai ya fito tangaran. Gwazarma a lanƙwashe take kamar lauje, ƙafafunta shida a fili. Wannan kuwa miƙaƙƙiya ce, gaɓa-gaɓa, ba ta da ƙafa, gabanta ya fi kauri. Kanta ƙarami ne, ruwan ƙasa, ya nutse cikin jiki, ba abin da ya leƙo sai baƙaƙen haƙora biyu. Kan kowace gaɓa akwai ɗan tudu mai kaushi da take dogarawa ta tura jiki cikin rami. Siffar tsutsar ƙwaron nan ce mai dogayen ƙahoni.

Gilashin iyakarsa ya nuna maka dangi. Don in san ainihin irin, na sa guntun reshe a bokiti na rufe da tsohon gidan sauro. Ƙwaron da ya fito baƙi ne mai ratsi uku ruwan goro, wanda masana ke kira Analeptes trifasciata. Shi ke yanke reshen ya bushe, macen ta sa ƙwai a ciki. Wato tarin da na yi a gefen gona reno nake yi musu, abin ya dame ni ƙwarai. Yanzu duk reshen da ya faɗi, ranar nake ƙona shi.

Fitilar ta mutu cikin mako biyu, gefen gilashin kuma yana ɗan hazo, sai tsakiya ake gani sosai. Da rana a inuwa ba na ma bukatar fitilar. In za ka saya, ƙwanƙwasa shi da farce tukuna, ka tabbatar gilashi ne ba roba ba, domin na roba ba ya jimawa a aljihu yake gogewa.