XFEM ko fes-fil: wacce ta dace da tsagewar dutsen Kalambaina?

Ɗan'uwa, ka ce kana digiri na biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka samo dutsen siminti daga Kalambaina, ka yanka faifai masu faɗin milimita 54 da kaurin 27 don gwajin Birazil, wato a matse faifan tsakanin ƙarfe biyu har ya tsage don a gano ƙarfin ja na dutsen (iya jan da zai jure kafin ya karye), kuma kana son kwamfuta ta nuna maka hanyar da tsaga za ta bi. Shin a cikin dabarun lissafin tsaga guda biyu, XFEM za ka ɗauka ko fes-fil (phase-field)?

Dukansu a kan raga suke aiki: a rarraba faifan zuwa ƙananan gidaje, a lissafa ja da matsin da ke kan kowane gida. Inda suka rabu shi ne yadda kowacce ke kallon tsaga.

A wajen XFEM, wadda Belytschko da abokan aikinsa suka fito da ita a 1999, tsaga layi ce siririya mai ratsa gidajen, ba sai an sake saƙa raga duk lokacin da ta ƙara tsawo ba. Tana cikin manhajar Abaqus, kuma kwamfutar hannu ma tana ɗaukarta. In ka tsaga faifan kaɗan a tsakiya, kana jiran tsaga ta tashi daga bakin yankan ta nufi inda ƙarfe ke dannawa, to ta ishe ka. Amma a Abaqus gida ɗaya tsaga ɗaya yake ɗauka, ba ta yin reshe, ba ta juyawa fiye da digiri 90 a mataki guda.

Fes-fil kuwa tushenta ra'ayin Griffith ne na 1921, wanda Francfort da Marigo suka sake ginawa a 1998: tsaga tana bin inda kuzari ya fi sauƙin kashewa. Kowane wuri a dutsen ana ba shi lamba daga 0, lafiyayye, zuwa 1, ya rabu. Sai tsagar ta fito kamar zanen gawayin da aka shafa da yatsa. Ita da kanta take tashi, ta yi reshe, ta haɗu da wata.

Wahalarta tana cikin faɗin wannan zanen da aka shafa, wanda ake kira l. Ba da ka ake zaɓensa ba, domin shi ke yanke ƙarfin da dutsen zai karye a kai. A tsarin fes-fil da ake kira AT2, ka raba KIc, wato ma'aunin juriyar dutse ga tsagewa, da ƙarfin ja, ka ninka amsar da kanta, ka ɗauki kusan kashi ɗaya cikin goma. Mu ce KIc 1 MPa√m ne, ƙarfin ja megafaskal (MPa) 5: l zai kai mita 0.004, wato milimita 4, kuma gidajen da ke kan hanyar tsaga kada su wuce rabinsa, wato milimita 2, ƙasa da haka ma ya fi. Raga ta yi laushi, lissafi ya yi nauyi, don haka ka saita manhajar FEniCS ko MOOSE su riƙa adana sakamako a kai a kai saboda ɗaukewar wuta.

Ga kuma inda ɗalibai suka fi faɗawa rami. A tsakiyar faifan Birazil matsi ya ninka ja sau uku. In ba ka raba kuzarin ja da na matsi ba, kamar yadda Miehe ya tsara a 2010, dutsen zai fara farfashewa a ƙarƙashin ƙarfen dannawa maimakon ya tsage daga tsakiya, ka samu hoto mai kyau da amsar banza.

Ni dai ga dutsen Kalambaina, mai laka da ɓawon halittun teku a jikinsa, fes-fil nake ba ka shawara in faifanka ba shi da yanka. In da yanka kuma lokaci ya ƙure maka, XFEM. Kafin ka buɗe kowacce, ka fitar da ƙarfin ja daga gwajinka: nauyin karyewa sau biyu, a raba da 3.14 sau faɗi sau kauri. Kuma kada ka gauraya faifan da ya sha damina da busasshe, jiƙaƙƙen ya fi saurin karyewa.