Lightroom Classic da Google Drive wajen shirya hotunan biki da miƙa su ga masu su

Wanda ɗaukar hoto ba sana'arsa ba ce, kamara kawai yake da ita kuma hannunsa ya faɗa, yakan ɗauka aiki ya ƙare da zarar taro ya watse. Alhali a lokacin ne ma za a fara. Ka dawo da hoto dubu biyu da ɗari biyar a katin ajiyar kamara guda biyu, ango da amarya kuwa ɗari huɗu ko biyar suke jira, a jere yadda abin ya gudana, masu buɗuwa a waya, masu wankuwa a takarda ba tare da launi ya mutu ba. Kayan aiki biyu na gwada a wannan tsakani: Lightroom Classic na kamfanin Adobe don tacewa da gyara da fitarwa, sai Google Drive don miƙawa. Na farkon kwalliyarsa tana biyan kuɗin sabulu. Na biyun yana kai kaya, amma ma'ajiya ce ba ɗakin nunin hoto ba, sai ka yi masa dabara.

Kafin a taɓa komai, a kwashe kati. Kamara mai megafiksel 24 tana ba da fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, mai nauyin megabait 25 zuwa 30, don haka hoto 2,500 zai ci wajen gigabait 70. A shafin shigo da hotuna, Lightroom yana da wurin da za ka ce ya yi kwafi na biyu a wani faifan ajiya daban a lokaci guda. Ka kunna shi. Katin kuwa kada ka goge shi sai ka miƙa aiki, ko aƙalla sai ka ƙirga ka ga adadin fayilolin kati ya yi daidai da na wurare biyun. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, Lightroom ba ya ajiye hoto a cikinsa. Katalog ɗinsa littafin rajista ne kawai: yana riƙe inda hoton yake da gyaran da ka yi masa. Idan ka je ta bayan fage ka canja wa folda suna ko ka matsar da ita, sai ka dawo ka tarar da alamar tambaya a kanta, gyara ya tsaya. Ba ɓata suka yi ba, nuna masa sabon wurin za ka yi. Amma mafi sauƙi, duk wani matsarwa ka yi shi daga cikin manhajar.

Idan kamara biyu aka yi aiki da su, agogonsu ne zai fara ba ka ciwon kai. Bambancin minti huɗu kaɗai ya isa ya sa hoton fitowar amarya ya riga na shigarta. Maganin tun daga tushe shi ne a ɗauki hoton agogon waya ɗaya da kowace kamara kafin a fara. Daga baya sai ka zaɓi duk hotunan kamara ɗaya, ka gyara lokacin hoton agogon zuwa abin da ke rubuce a jikinsa, manhajar ta matsar da sauran gaba ɗaya da wannan tazarar. Aikin minti biyu ne, kuma yana daga cikin abubuwan da na fi yaba mata a kai.

Tacewa ita ce ke cin rai. A nan Lightroom yana da nauyin jiki idan ka bar shi ya ƙera wa kowane hoto samfurin dubawa da kansa. Lokacin shigowa ka zaɓi ya yi amfani da ƙaramin JPEG ɗin, wato hoto na yau da kullum, da kamara ta riga ta cusa a cikin RAW, sai ka ga hotuna suna wucewa ba jira. Daga nan maɓalli biyu ne aikinka: P ga wanda ka ɗauka, X ga wanda ka yar. Idan ka kunna maɓallin manyan baƙaƙe (Caps Lock), da ka danna zai tsallaka hoto na gaba da kansa. Shawarata a riƙa zaɓen wanda za a ɗauka, ba neman wanda za a yar ba, domin mai neman na yarwa tausayi ke kama shi, ya ƙare da hoto dubu da ɗari biyu, rabinsu 'yan biyu. Hoton rukuni kuwa sai an zuƙo shi an bi fuska ɗaya bayan ɗaya. A cikin mutum goma sha biyu da wuya a rasa wanda ya lumshe ido, kuma a ƙaramin samfuri ba za ka gani ba sai an wanke an rataye a bango.

Gyara ba zan tsawaita a kansa ba, kowa da idonsa. Abin da ya shafi miƙawa shi ne daidaito: hotunan da aka ɗauka a wuri ɗaya su fito da launi ɗaya. Ka gyara guda ɗaya ya zauna, ka zaɓi 'yan uwansa ka kwafa musu saitin, sannan ka bi ka daidaita haske ɗaiɗai. Inda gizo ke saƙa shi ne zaure mai fitilu iri-iri, ga rawaya daga sama ga shuɗi ko shunayya daga gefe. Babu saitin da zai gyara duka, don haka fatar fuska ce alƙali, bango ya yi yadda ya ga dama. Maɓallin J yana nuna inda haske ya ƙone da ja, ka duba shi a kan fararen kaya don kada aikin ɗinki ya koma farin fili. Mai rage ƙurar hoto (Denoise) da aka ƙara wa Lightroom a 2023 yana ceto hotunan duhu ƙwarai, sai dai a kwamfutar da ba ta da ƙarfin katin zane, hoto ɗaya yana iya cin mintuna. A ware shi ga hotuna ashirin ko talatin da suka fi buƙata. Wani abu kuma, hasken allon kwamfuta. Mafi yawan allo a cike da haske suke zuwa, kai kuma sai ka rage hasken hoto don ya yi maka daidai a ido, a wanke ya fito da duhu. Ka sauke hasken allon zuwa rabi ko ƙasa, ka wanke guda biyar na gwaji kafin ka amince da shi.

Sai suna. Kada ka miƙa hoto da sunan da kamara ta ba shi. Kamara biyu iri ɗaya suna iya fitar da lamba ɗaya, wani ya hau kan wani a folda, ga kuma giɓi: mai biki ya ga 0412 sai 0419, ya ce ina shida na tsakiya. Bayan ka gama tacewa, ka jera zaɓaɓɓun bisa lokacin ɗauka, ka danna F2, ka ba su suna da kwanan wata da lamba mai gurbi huɗu daga 0001. Sifirin gaba yana da amfani, domin wasu na'urori suna sa 10 kafin 2. Ƙugiya irin ta ɗ da ƙ da ɓ kuma a bar ta a rubutu, kada ta shiga sunan fayil, tana iya rikiɗewa zuwa shirme idan an matse a ZIP, wato an ɗaure fayiloli a ƙunshi ɗaya, an buɗe a wata na'ura.

Shafin fitarwa shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan ne hotuna masu kyau suka fi lalacewa. Abu na farko launi. Lightroom zai ba ka zaɓi tsakanin tsarukan launi, sRGB da Adobe RGB da ProPhoto RGB da wasu, kuma sunayen biyun ƙarshe suna da daɗin ji. Ka zaɓi sRGB. Manhajar da ba ta karanta bayanin launi, da injinan wanki da yawa, suna ɗaukar kowane hoto a matsayin sRGB ne. Ka ba su ProPhoto, ja ya koma ruwan ƙasa, fata ta yi toka-toka kamar marar lafiya. Abu na biyu inganci. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 100, amma a zahiri matakai 13 ne a ƙarƙashinsa, har 93 da 100 abu ɗaya suke fitarwa, haka 85 da 92. Tsakanin 85 da 100 ido ba ya ganin bambanci a takarda, nauyin fayil ne kawai ke hauhawa. A 85 nake tsayawa.

Sannan kada a fitar da kashi ɗaya. Kashi biyu ake yi, kuma a adana saitin kowanne don gobe. Na wanki: cikakken girma, wato fiksel 6000 da 4000 a kamara mai megafiksel 24, da ƙarin kaifi na takarda a matsakaici. Kowanne zai kai megabait 6 zuwa 12, hoto 500 ya tashi wajen gigabait 5. Na waya: dogon gefe fiksel 2048, inganci 75 zuwa 80, kaifi na allo. Galibi ba ya kai megabait ɗaya, duka 500 ba su cika rabin gigabait ba. Wannan ƙaramin kashin shi ne wanda za a fi buɗewa, shi za a tura wa dangi, shi za a ɗora a Facebook. Idan ba ka yi shi da hannunka ba, wata manhaja za ta yi maka shi yadda ta ga dama.

Akwatin da ake rubuta yawan fiksel a kowane inci a shafin fitarwa, wanda ake ta gardamar 72 ko 300 za a sa a ciki, lamba ce kawai a jikin fayil muddin da fiksel ka ƙayyade girma. Fiksel 6000 dai 6000 ne. Ka sa 300 don mai wanki ya samu natsuwa, lissafin kuma shi ne 6000 a raba da 300, inci 20 ke nan a dogon gefe. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne siffa. Hoton irin wannan kamara 3 da 2 ne, yana zama daram a takarda mai inci 4 da 6. A mai inci 8 da 10 kuwa sai an yanke kashi ɗaya cikin shida na tsawonsa, kuma injin ba ya tambaya, kafaɗar wanda ke gefe zai cire. Don haka kada ka matse hoton rukuni wajen yanka, ka bar masa iska a gefe biyu. A ƙasan shafin akwai wurin cire bayanin wurin da aka ɗauki hoto. Ka cire, musamman na cikin gida, ka bar sunanka na mai haƙƙi.

Aibin Lightroom da ba ya ɓoyuwa shi ne haya ce, ba saye ba. Lightroom 6 da ya fito a 2015 shi ne na ƙarshe da aka sayar kai tsaye. Ga mai biki biyu ko uku a shekara wannan abin dubawa ne. Sauƙin abin, idan ka daina biya katalog ɗinka ba ya rufewa, kana iya duba hotuna ka fitar da su, sashen gyara ne ke kullewa. Wanda ba ya son hayar akwai darktable da RawTherapee kyauta, suna karanta RAW da kyau, sai dai koyonsu ya fi ɗaukar lokaci.

Yanzu Google Drive. Kyawunsa kusan kowa yana da shi, kuma ba ya taɓa ingancin fayil, abin da ka ɗora shi za a sauke. Amma gigabait 15 na kyauta tare ake cinsa da Gmail da Google Photos. Biki uku sun cika shi, idan kuwa ya cika saƙon imel ma ya daina shigowa. Abin da ka goge yana ci gaba da cin wuri a kwandon shara har kwana 30, sai dai ka zubar da kanka. Wajen rabawa, folda a kulle take zuwa. Idan ba ka canja ta zuwa duk mai linki ba, mai biki zai danna ya ga ana ce masa ya nemi izini. Ka ba da ikon kallo kaɗai, ba na gyara ba, don mai ikon gyara yana iya share hoto da kuskuren yatsa.

Saukewa ita ce raunin tsarin. A kwamfuta, idan aka sauke folda gaba ɗaya, Drive yana matse ta a ZIP, babba kuma ya raba ta gida-gida. Wanda bai sani ba sai ya buɗe na farko ya ɗauka shi ke nan. A waya kuwa mutane da yawa ba sa saukewa sam, samfurin da ya bayyana a allo suke ɗauka hoton allo, su kai wa mai wanki. Shi ya sa nake ganin a raba babban kashi zuwa ƙananan foldoji bisa sassan taron, kowace kada ta wuce gigabait ɗaya ko ɗaya da rabi, a sa musu lamba a gaban suna. Foldar waya ta zauna a sama da suna bayyananne. A haɗa da 'yar takarda mai layi biyar: adadin hotuna, wace folda ce ta wanki, wace ce ta waya, yadda ake saukewa, da ranar da za a rufe linkin. Drive ba shi da wurin da amarya za ta yi wa hotunan da take so a albam alama cikin sauƙi. Wanda wannan ya dama, dandalin nunin hoto irin Pixieset ya fi dacewa da shi.

WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi a matsayin hoto. Idan dole ne, a tura a matsayin takarda, zai isa yadda yake. Filashi kuma har yanzu yana da amfani ga wanda intanet ɗinsa ba ta da ƙarfi. A tsara shi a tsarin ajiya na exFAT, domin sauran tsarukan suna da matsala: FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, NTFS kuwa kwamfutar Mac tana karantawa amma ba ta rubutu a kai. Akwai filashin bogi da ke nuna girman da ba shi da shi, ya karɓi hotuna lafiya lau, a buɗe a tarar rabi toka ne. Ƙaramar manhajar H2testw tana cika shi ta karanta ta tona asirinsa.

Fayilolin RAW ba na ganin a miƙa su, sai in an yi yarjejeniya tun farko. Nauyi gare su, waya ba lallai ta buɗe su ba, gyaranka kuma ba ya cikinsu, yana katalog. Kafin ka tura linki, ka ƙirga fayilolin da ke Drive ka gwada da na kwamfuta, domin ɗorawa ta burauza tana iya yankewa ta bar wasu a hanya. Sannan ka karɓi wayar da ba asusunka a kanta, ka buɗe linkin da ita, ka sauke hoto ɗaya daga kowace folda, ka duba bayanansa ka tabbatar na wankin yana nuna 6000 da 4000 idan ba ka yanka shi ba.