GARGAƊI: wani ya ci mini naira 185,000 da sunan takardar mutuwar kakanmu

Naira 185,000 jama'a! Wallahi har yanzu jikina rawa yake.

Kakanmu ya rasu a ramin kuza a Bukuru lokacin aikin tilas na yaƙin duniya na biyu, wajen 1943, ba a kawo gawa gida ba, saƙo kawai ya zo. Mahaifiyata tana goye lokacin, har yau tambayarta ɗaya ce, rami ne ya rufta masa ko ciwo ne? To sai ga wannan mutumin a Facebook yana tallan wai yana ciro tsofaffin takardun Turawa, har da na binciken da hukuma ke yi in mutum ya yi mutuwar farat ɗaya.

Kada wanda ya ce mini na yi wauta. Na gwada shi! Na tambaye shi ina ake ajiye irin takardun, nan take ya ce fayilolin Lardin Filato suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, wasiƙun gwamna kuma suna gidan adana takardun Birtaniya da ke unguwar Kew a Landan. Duka gaskiya ne. Ya kira ni "Hajiya ƙanwata", ya ce shi ma nasa kakan a kuza ya tafi, har muryarsa ta karye. Wannan muryar ce ke ta dawo mini. Waye zai ji wannan bai yarda ba?

60,000 na farko na bincike. 50,000 kuma, a'a wannan daga baya ne, bayan ya ce fayil ɗin ya koma Landan. Kafin nan akwai 75,000 wai na hatimi da fassara. Ku haɗa, 185,000. Kuɗin adashina ne fa, har da na yayana a ciki, shi bai ma sani ba tukun.

Ya turo hoton takardar ta WhatsApp, ta yi ja kamar tsohuwa, ga sunan kakanmu, wai rami ya rufta. Na karanta wa Umma, ta yi kuka, muka yi sadaka. Ɗan ƙanwata mai karatun tarihi ne ya duba ya ce "Anti, an rubuta Jihar Filato a nan." A 1943! Jihar da sai 1976 aka ƙirƙiro ta. Ƙasan takardar kuma kuɗin rajista da NAIRA, alhali naira sai 1973 ta fito, a 1943 fam da sule ake kashewa. Sunan ma ai ni na ba shi tun ranar farko.

Na kira, ya ce kuskuren magatakarda ne. Washegari ya toshe ni. Kuɗin da ciwo, amma yanzu da wane baki zan gaya wa tsohuwa cewa kukan da ta yi a kan takardar bogi ne? Allah ya isa, ban yafe ba.

Rasit uku da hirarmu duk suna wayata, zan ɗora su in na rufe lambar asusuna.

Mai nema ya je Kaduna da ƙafarsa, ya nemi lambar fayil kafin ya biya kowa sisi, ya duba tsofaffin jaridu irin Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ba kowane lebura hukuma ta yi binciken mutuwarsa ba ma.

185,000 fa. Kuma har yanzu yana nan yana talla, sunan shafin kawai ya canza.