Gwajin jinin NT-proBNP: abin da na gani a jinyar Baba a Kumasi

Tun da aka san ina jinyar Baba, 'yan unguwarmu a Aboabo ke tambayata ko wannan gwajin jinin na duba lafiyar zuciya ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma da sharaɗi.

Baba na fama da raunin zuciya, wato ba ta harba jini yadda ya kamata. Ƙafafunsa kan kumbura har takalmi ya ƙi shiga, in ka danna ƙwaurinsa da yatsa sai gurbin ya tsaya. Da dare kuwa sai a jingine yake barci saboda haki. Likitansa ya rubuta gwajin, muka yi a wani lab mai zaman kansa da kuɗin aljihunmu, kuma gaskiya akwai tsada.

Ɗibar jinin ba wuya, ba sai an zo da yunwa ba. Matar da ke ɗiba ta ce, "Alhaji, miƙo hannu, yanzu za mu gama," kuma haka aka yi.

Idan zuciya ta jigata, ruwa ya yi mata yawa, takan saki wani sinadari cikin jini, shi ake aunawa. Wanda ba a ɗauko shi ranga-ranga ba, in nasa bai kai 125 ba, da wuya a ce raunin zuciya ne. Na Baba dubbai ne. A nan gwajin ya yi mana rana. Ashe Baba yana tsallake Lasix, maganin rage ruwa, don yawan fitsari na karya masa alwala. Magiyarmu ba ta yi aiki ba, takardar ce ta yi. Likita ya nuna masa lambar, ya tsara masa sha da sassafe don ya samu sauƙi kafin azahar. Da aka sake gwaji lambar ta sauka sosai, Baba ya riƙe takardar yana ta hamdala.

Ga sharaɗin. Na so a riƙa yi duk wata, likita ya hana. Wani bincike mai suna GUIDE-IT da aka wallafa a Amurka a 2017, kan majinyata 894, ya gwada ƙara magani har lambar ta koma ƙasa da 1,000, amma mutuwa da kwanciya asibiti ba su ragu ba fiye da na masu samun kulawa irin ta kullum. Ga shi tsufa da ciwon ƙoda da rikicewar bugun zuciya na ɗaga lambar, ƙiba kuma na rage ta. Shi ya sa likitan ke haɗa ta da hoton zuciya da sikelin da Baba ke hawa kowace safiya, ya kuma raba shi da momoni da koobi, wato kifin da ake adanawa da gishiri, saboda gishirin.

Abin da ya ɓata min rai a lab ɗin: sun turo sakamako ta WhatsApp da jar lamba, babu ko kalma ɗaya ta bayani, Hajiya ta kwana tana kuka. Wata rana kuma saura kaɗan su yi BNP, wani gwajin zuciya mai kama da shi, a madadin NT-proBNP. Ba a kwatanta lambobinsu, kuma Entresto, wani maganin raunin zuciya, na iya ɗaga BNP. Ku duba sunan gwajin a rasit kafin ku biya. In majinyacinku na shan spironolactone, wani maganin da ake ba masu raunin zuciya, ku fara ware kuɗin gwajin ƙoda da fotasiyam, shi ne ba a wasa da lokacinsa.